Yadda Za Ka Sa Hargitsi Ya Tsare Sirrin Ƙaramar Na'ura Mai Aiki Da Batir

Ɗauki na'urar da ke auna zafi, ko mitar ruwa, ko abin lura da bugun zuciya, wadda ke aika bayananta ta rediyo. Abincinta kaf ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, volt 3 da ƙarfin mAh wajen 220, kuma ana so ya kai ta shekaru. Duk lissafin da ta yi daga jikin batirin yake fita. Wannan ne ya sa masu ƙera irin waɗannan na'urori ke neman hanyar ɓoye bayanai marar cin wuta, kuma shi ya sa hankalin da yawa ya karkata ga hargitsi: ƙa'idar lissafi mai layi ɗaya, ko 'yar da'irar lantarki mai kayan da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma tana fitar da lambobin da ba a gane kansu.

Ina son wannan fanni ƙwarai, shi ya sa zan faɗi matsayata tun yanzu. Hargitsi yana da gurbi na gaske a cikin na'urarka, wato wajen samar da lambobin bazata da ake ƙera mabuɗi da su. Shi kuwa rufe saƙon kansa, a bar wa tsarin da masana suka yi shekaru suna dukansa bai fashe ba. Jagorar nan a kan wannan rabon aiki aka gina ta.

Mataki na farko: taɓa hargitsin da hannunka

Kafin ka sayi komai, ɗauki kalkuleta. Ƙa'idar lojistik, wadda Robert May ya shahara da ita a 1976, ga ta: sabon x = r × x × (1 − x). Sa r ya zama 4, ka fara da x = 0.2. Za ka samu 0.64, sai 0.9216, sai 0.2890, sai 0.8219, sai 0.5854. Yanzu sake farawa da 0.2001. Da farko lambobin biyu za su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma tazarar da ke tsakaninsu tana ninkuwa kusan sau biyu a kowane zagaye, ta yadda kafin zagaye na goma sha biyar sun rabu kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Abin da Edward Lorenz ya ci karo da shi ke nan a 1961, lokacin da ya sake shigar da 0.506 maimakon 0.506127 a kwaikwayon yanayi da yake yi a kwamfuta, sai hasashen ya fito daban gaba ɗaya. Wannan hali yana kama da abin da Claude Shannon ya ce ana buƙata a tsarin sirri a 1949: rikitarwa da watsawa, ƙaramin canji a mabuɗi ya birkita komai.

To, yi gwaji na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci. A ce wani ya ga lambobi biyu a jere, 0.2 da 0.624, bai san r ba. Zai lissafa 0.2 × 0.8 ya samu 0.16, ya raba 0.624 da shi, ya samu 3.9. Ya gano r da rabawa ɗaya, daga nan duk lambobin da za su biyo baya suna hannunsa. Hargitsi yana da wuyar hasashe ne ga wanda bai san halin da tsarin yake ciki daidai ba. Wanda ya sani, ba abin da ya ɓuya masa. Riƙe wannan, domin duk kuskuren da ake tafkawa a fannin daga mantawa da shi yake tasowa.

Mataki na biyu: rubuta wanda kake tsoro, da wutar da kake da ita

Takarda ɗaya ta isa. Shin maharin sauraron rediyo kawai zai yi, ko zai iya aiko da saƙon ƙarya, ko zai iya ɗauke na'urar ya buɗe ta a kan teburinsa? Na'urar da ke maƙale a waje, a ɗauka za ta shiga hannunsa. Ka kuma bi ƙa'idar Auguste Kerckhoffs ta 1883: ka ɗauka maƙiyi ya san duk yadda ka gina tsarinka, mabuɗi kaɗai ya rage masa.

A gefen takardar rubuta sau nawa na'urar ke farkawa, baiti nawa take aikawa, da wutar da kowane aiki ke ci. Yawanci za ka tarar rediyo ne babban mai cin batir, ɓoye bayanai ƙanensa ne nesa ba kusa ba. Duba kuma takardar bayanin cip ɗinka, domin da yawa daga cikin masu Bluetooth, Zigbee da LoRaWAN suna zuwa da injin AES, sanannen tsarin ɓoye bayanai, a jikinsu, tunda waɗannan tsare-tsaren sadarwa da AES mai mabuɗin bit 128 suke aiki. Wani abu kuma: manhajar Mirai da ta mamaye kyamarori da na'urorin intanet masu ɗimbin yawa a 2016 ba ta fasa lissafin kowa ba, da kalmomin sirrin da aka baro daga masana'anta ta shiga. Idan wannan ƙofar a buɗe take, rufe ta kafin ka ci gaba.

Mataki na uku: zaɓi inda hargitsin zai zauna

Hanya uku ce a gabanka, biyu kuma an riga an ga ƙarshensu.

Ta farko ita ce lulluɓe saƙo da siginar hargitsi. A 1990 Louis Pecora da Thomas Carroll suka nuna cewa da'irori biyu masu hargitsi za su iya daidaita tafiyarsu, a 1993 kuma Kevin Cuomo da Alan Oppenheim suka gina da'irar Lorenz da ke ɓoye magana ta wannan hanya. Abin ya burge mutane, amma a 1994 Kevin Short ya nuna yadda mai sauraro zai sake gina siffar hargitsin daga abin da aka watsa, ya cire ta, saƙo ya fito fili. Matsalar a tushe take. In har mai karɓa zai iya daidaita da kai duk da ɗan bambancin kayan da'ira, to maharin da ya yi kusa da ƙimominka ma zai iya.

Ta biyu ita ce a gudanar da ƙa'idar hargitsi da lambobi a cikin cip, a gauraya abin da ta fitar da saƙo. A nan ma akwai rami. Hargitsi na gaskiya yana buƙatar lambobi masu wutsiya marar iyaka, alhali rijistar bit 32, wato wurin ajiyar lamba a cip mai gurbin 0 ko 1 guda 32, halaye biliyan huɗu da 'yan kai kawai take iya ɗauka. Dole wata rana ta dawo inda ta taɓa tsayawa, daga nan sai maimaici. Abin takaicin ma, ba ta zagaye duka halayen ba. Tsawon zagayen yakan tsaya kusa da tushen murabba'in adadin, wato dubun dubata kawai, wani lokaci ƙasa da haka sosai. Akwai kuma wuraren mutuwa: idan r = 4 ne, x = 0.5 zai kai ka 1, daga nan 0, shi ke nan har abada. Shi kuwa 0.75 ba ya motsawa daga inda yake.

Ta uku ita ce wadda za mu bi. A gina hargitsin da wutar lantarki ta zahiri, inda hayaniyar zafi da ke cikin kowace resista da kafasita take shiga cikin tsarin a kowane zagaye. Halin nan na ninka ƙaramin bambanci sai ya koma ma'aikacinka, ya ɗauko hayaniyar da ba ta kai a gani ba ya girmama ta har ta zama bit. Ko wanda ya san da'irarka ciki da bai ba zai iya hasashen motsin zarra da zafi ke haddasawa ba.

Buƙatar hakan kuwa ta gaske ce. A 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta suka binciki mabuɗan na'urorin da ke kan intanet, suka tarar da dubbai masu rauni ko masu maimaita juna, akasarinsu ƙananan na'urori da suka ƙera mabuɗi da zarar an kunna su, tun ba su tara isasshiyar bazata ba. Lissafin sirrin lafiyarsa lau, irin da aka shuka ne marar kyau.

Mataki na huɗu: gina mafarin bazatar

Don koyo, fara da da'irar Chua, wadda Leon Chua ya ƙirƙira a 1983: kafasita biyu, indakta ɗaya, resista ɗaya, da wani sashe mai juyayyen hali da ake haɗawa da amfilifaya. Idan ka jona ta da osiloskof, abin da ke zana motsin volt a allo, ka murɗa resistar a hankali, za ka ga layi mai tsari ya rabu biyu, ya rabu huɗu, sannan ya rikiɗe zuwa ƙawanya biyu masu naɗewa. Duk mai son fannin ya kamata ya ga wannan da idonsa sau ɗaya. Sai dai indakta tana da girma, amfilifayar kuma tana shan wuta ba tsayawa, don haka ba ita za ta shiga na'urar batir ba.

Wadda ta dace ita ce da'irar ninkawa. Ana riƙe volt a kafasita, sai makwatanci ya duba ko ya wuce wani mizani. In ya wuce, bit ɗin 1 ne, in bai wuce ba 0 ne. Sannan a ninka volt ɗin, a rage wani adadi idan bit ɗin 1 ne don ya dawo cikin iyaka, a zuba shi a kafasita ta biyu, a sake. Kafasita biyu, makunnai, amfilifaya ɗaya da makwatanci ɗaya.

Lissafin yana da daɗi. Kafasitar fikofarad 1 a zafin ɗaki tana da hayaniyar kusan maikurovolt 64. Idan faɗin da'irar volt 1 ne, ninkawa sau 14 ta isa hayaniyar ta cika faɗin duka. Ke nan bayan zagaye goma sha huɗu ko makamancin haka, halin da aka fara da shi ya shafe. Duk da haka ka zubar da bit ɗin farko da yawa bayan kowace kunnawa.

Kada ka sa ninkin ya zama 2 cif. Kayan lantarki ba sa fitowa daidai da abin da aka rubuta musu, kuma in ninkin ya ɗan haura 2, volt zai iya tserewa ya manne a ƙarshen iyaka, da'irar ta yi ta fitar da bit iri ɗaya. Zaɓi wajen 1.9. Farashin da za ka biya shi ne kowane bit ba zai ɗauki cikakkiyar bazata ba, iyakarsa kusan 0.93 ko da komai ya tafi daidai.

Sai kariya. Ba wa da'irar tata tacewar wuta, ka nisanta ta da layukan agogo da eriya, kada kuma ka ɗebi bit yayin da rediyo ke watsawa. A 2009 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna cewa cusa wata sigina ta layin wuta na iya tilasta wa mafarin bazata mai zoben osileta ya bi kiɗan maharin. Taka da'irar daban ce, amma layin wuta ƙofa ce a kowace da'ira. A ƙarshe sa mata makunni. Ta farka, ta yi aiki na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta koma barci.

Mataki na biyar: auna bazatar, sannan ka tace ta

A nan mutane ke yaudarar kansu. Sukan ɗauki bit ɗin su saka a gwaje-gwaje 15 na takardar SP 800-22 ta NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, in suka ci sai a ce an gama. Ka sani jerin lambobin pi ma yana cin waɗannan gwaje-gwaje, alhali kowa na iya lissafa shi. Gwajin yana gaya maka ko lambobi sun yi kama da bazata a ido, ba ya gaya maka ko mahari zai iya hasashensu.

Takardar da ta dace da aikinka ita ce SP 800-90B ta 2018. Tattara ɗanyen samfuri miliyan ɗaya kai tsaye daga makwatanci, kafin kowace tacewa, ka gudanar da ma'aunanta. Akwai kuma gwajin sake kunnawa: kunna da'irar sau 1,000, kowane karo ka ɗebi samfuri 1,000, a duba ko farkon kowace kunnawa yana kama da na sauran. Ga na'urar da rayuwarta barci da farkawa ce, a ganina wannan gwajin ya fi kowane nauyi. Maimaita komai cikin sanyi, cikin zafi, da batir sabo, da batir mai gab da mutuwa, kuma a kan alluna da yawa. Adadi mafi ƙanƙanta da ka samu shi ne naka.

A ce awon ya ba ka bazatar 0.8 a kowane ɗanyen bit. Don mabuɗin bit 128, tara bazatar da ta haura tsawonsa da bit 64, wato 192. Raba 192 da 0.8, ka samu samfuri 240. Zuba su cikin SHA-256 ko Ascon-Hash256, lissafe-lissafen da ke dunƙule bayanai su fitar da bit 256, ka yanki bit 128. Akwai tsohuwar dabarar John von Neumann ta 1951, inda ake ɗaukar bit biyu-biyu, 01 ya zama 0, 10 ya zama 1, a zubar da 00 da 11. Tana gyara karkata, amma sharaɗinta shi ne bit ɗin ba su dogara da juna ba, na da'irar hargitsi kuwa sun dogara. Kada ka tsaya a kanta ita kaɗai.

Mataki na shida: sa mai gadi

Da'ira tana tsufa, tana kuma mutuwa shiru, tacewar da ka yi za ta ci gaba da fitar da lambobi masu kyan gani ko da mafarin ya daskare. Don haka gwaji biyu za su riƙa gudana a kan ɗanyen bit kullum. Na farko yana ƙirga sau nawa bit ɗaya ya maimaitu a jere. Da bazatar 0.8 da yarda da ƙararrawar ƙarya sau ɗaya cikin kusan miliyan, iyakar 26 ce. Na biyu yana duba tagar bit 1,024 ko wata ƙima ta yi rinjaye fiye da kima. In ɗaya ya faɗi, na'urar ta ƙi ƙera mabuɗi, ta kai rahoto. Kada ka rubuta mata hanyar ci gaba da abin da ya samu.

Mataki na bakwai: jona shi da makullin da aka gwada

In cip ɗinka yana da AES, yi amfani da shi a tsarin CCM ko GCM, waɗanda ke ɓoye saƙo su kuma buga masa hatimi. In babu, ko wuri ya yi ƙaranci, ga Ascon, tsarin ɓoye bayanai marar nauyi wanda masu bincike huɗu suka tsara, Christoph Dobraunig, Maria Eichlseder, Florian Mendel da Martin Schläffer. Hukumar NIST ta Amurka ta zaɓe shi a Fabrairun 2023 bayan gasar shekaru, ya zama ma'auni a SP 800-232 a 2025. Ascon-AEAD128 yana da mabuɗin bit 128, lambar amfani sau ɗaya mai bit 128, hatimin bit 128, da halin ciki na bit 320. Babu ninkawa a cikinsa, babu manyan teburori, sai ƙananan ayyuka a kan bit, wato XOR da AND da juya bit, abin da ya sa yake da sauƙi a da'ira. Kwatanta da ƙa'idar lojistik, wadda ke neman injin ninka bit 32 da bit 32 a kowane zagaye, za ka ga iƙirarin cewa hargitsin lambobi ya fi arha yana buƙatar awo kafin a yarda.

Hatimin shi ne ke hana a sauya saƙo a hanya. Yawancin tsare-tsaren hargitsi da ake wallafawa ba su da shi, ga shi kuma saƙon da aka gauraya da XOR kawai, mahari zai iya juya bit ɗin da ya ga dama ba tare da ya san mabuɗi ba. Ga na'urar da ke karɓar umarnin buɗe bawul, wannan ya fi tonon asiri haɗari.

Lambar amfani sau ɗaya kuwa, sunanta ya faɗi dokarta: kada ta maimaitu a ƙarƙashin mabuɗi ɗaya. Aika baiti 16 nata a kowane saƙo yana da tsada a rediyo, don haka yi amfani da maƙirgi, ka aika ƙarshensa kawai. Haɗarin yana wajen ɗaukewar wuta, inda maƙirgin zai koma sifili. Rubuta shi a ma'adanar dindindin a kowane saƙo kuma zai cinye ma'adanar. Mafita ita ce ka rubuta lambar da ke gaba da 1,000, in na'urar ta sake tashi ta fara daga can. Asarar 'yan lambobi ba komai ba ce. Kowace na'ura kuma da nata mabuɗin, ko a saka shi ta waya lokacin ƙira, ko a yi musayarsa da X25519, hanyar da ɓangarori biyu ke cimma mabuɗi ɗaya ba tare da aika shi ba, inda mafarin hargitsinka zai samar da sirrin wucin gadi.

Idan kana son gina hargitsin lambobi na hanya ta biyu duk da haka

Gina shi a kan FPGA, cip ɗin da ake iya sake tsara cikinsa, da harshen Verilog ko VHDL, za ka koyi abu mai yawa, amma kada ka ɗora rayuwar kowa a kansa. Yi lissafi da tsayayyen ɗigo, domin injuna biyu na iya bambanta wajen taƙaita lambobi masu yawon ɗigo, hargitsi kuma zai girmama bambancin har mai karɓa ya kasa buɗe saƙo. Fitar da ƙananan bit kaɗan kawai a kowane zagaye. Riƙa zungurar halin da rijistar LFSR, mai fitar da jerin bit mai dogon zagaye, don tsawaita zagaye. Auna tsawon zagayen da dabarar Brent ta gano maimaici a kan dubban mabuɗai. Wajen ƙirga yawan mabuɗai, tuna hargitsi yana farawa ne daga r wajen 3.57, kuma a tsakanin nan da 4 akwai tagogin tsari, kamar kusa da 3.83, inda lambobi uku kawai ke juyawa. Sannan ka ba shi saƙon da sifili ne zalla ka ga abin da zai fito. In jerin sirrin ne ya fito tsirara, kuma shi ɗin ne zai rufe saƙo na gaba, ka fasa tsarinka da kanka. Gonzalo Alvarez da Shujun Li sun tsara irin waɗannan sharuɗɗa a 2006, kuma tsare-tsare da yawa da aka wallafa sun faɗi a kansu.

Mataki na ƙarshe: saurari wutar da take sha

Paul Kocher da abokan aikinsa sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa yadda cip ke jan wuta yana iya tona mabuɗin da ke cikinsa. AES da Ascon ma ba su tsira ba in an gina su ba kariya. Saka ƙaramar resista a layin wuta, jona osiloskof, ka ɗauki dubban hotunan wutar yayin ɓoye saƙo: rabi da saƙo guda da ba ya canzawa, rabi da saƙonnin bazata, a cakuɗe. Kwatanta rukunin biyu da gwajin t na Welch, lissafin da ke auna ko rukuni biyu sun bambanta. Duk inda ƙimar ta wuce 4.5, akwai yoyon sirri. Maganinsa rarraba kowane sirri gida biyu ko fiye da lambobin bazata, wanda ke cin sabbin bit a kowane aiki, kuma mafarin da ka gina shi zai shuka irinsu.

Kafin ka cire resistar, yi awo ɗaya da ita. Ɗauki wutar farkawa guda cikakkiya, ka raba ta kashi huɗu: mafarin hargitsi, tacewa, ɓoyewa, da rediyo. Ninka da yawan farkawa a shekara, ka haɗa da wutar barci, ka kwatanta da mAh 220 ɗin nan. In lissafin bai kai shekarun da ka rubuta a mataki na biyu ba, fara ragewa daga yawan saƙonni da tsawonsu, sannan ka riƙa tada mafarin jefi-jefi, yana ba injin DRBG na SP 800-90A, mai fitar da lambobi da yawa daga ɗan iri, sabon iri, maimakon ya farka a kowane saƙo.